Lissafin Cima

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli
a lakwal ta Garin Malam,
ina koya wa 'ya'yan mutane tarawa da ɗebewa.
Ni ne mushen lissafi.
Haka dai nake zato.

Ran Alhamis ƙafar Cima ta kumbura.
Ta kwance bakin zane, ta miƙo mini jaka biyu,
takardun sun yi laushi kamar dafaffen rama.
Ta ce, "Hatsi, mai, albasa, sabulu.
In canji ya rage, busasshen kifi."
Na ce, "In ya rage?"
Ta dube ni, ta ci gaba da matsa ƙafarta.

Ɗan kabu-kabu ya ce dala sittin zuwa Dole.
Na ce bara arba'in ne.
Ya ce, "To Mushe, hau bara ta kai ka."
Na taka a ƙasa.

A rumfar Malam Brah na tambayi tiya.
Ya faɗi kuɗi, na yi dariya,
na jira ya yi tasa. Bai yi ba.
Ya share bakin tiya da gefen hannu,
tozon da ake bar wa mai saye
ya gangara, ya koma buhu.
Ashe gyara ta rasu,
ba wanda ya sanar da ni jana'iza.

Mai mai ta tsiyaya mini a leda
kamar mai ɗiga magani a ido.
Albasa uku, ɗaya da ciwo a gindi.
Gaban mai sabulu na tsaya
ina juya sauran ƙarafa a tafin hannu.
A allo, in lamba ta kasa,
sai in ce, "Ku aro ɗaya wurin maƙwabci."
Na waiga dama, na waiga hagu:
kowane maƙwabci na ƙirga nasa.

Na komo ba kifi, ba sabulu,
na tarar da mai garuwa a zaure
yana jiran kuɗin bido huɗu na jiya.

Cima ba ta yi faɗa ba.
Daga zaune ta aiki Magaram ƙarƙashin gado,
ta ciro guntun sabulu, an yanka shi da zare,
kashi na uku cikin huɗu.
Ta raba dunƙulen magi biyu da haƙori.
Albasa mai ciwo ta fara shiga tukunya,
masu lafiya su jira Asabar.
Ruwan da aka wanke hatsi, na akuya ne.
Na wankan Lawali ya wanke tsumma,
abin da ya saura ya tafi gindin zogale,
zogale kuwa shi ne miyar jibi.
Ina tsaye kamar sabon ɗalibi
da ya makara, aka hana shi benci.

Sai na tuna dararen da take cewa,
"Ku ci, na ci a gidan suna."
Na ƙirga da yatsu.
Unguwarmu ba ta haihu haka ba.

Da safe littafi ya ce:
wata mata ta je kasuwa da jaka biyu,
ta sayi hatsi, mai, nama da sukari,
nawa ya rage mata?
Yara suka duƙufa kan alluna.
Wata 'yar ƙarama a bencin baya ta ɗaga hannu:
"Mushe, a wace kasuwa?"
Ajin ya fashe da dariya.
Ni alli ne ya karye a hannuna.

Da dare na ci rabin malmala,
na tura mata kwano, na ce,
"Darekta ya ba mu shinkafa a lakwal."
Ta dube ni dubawa ta ran Alhamis.
Ta sa hannu ta raba rabin nan biyu,
ta turo mini wanda ya fi girma.